Eglantyne Jebb (1876–1928): Matar da Ta Roƙa wa 'Ya'yan Abokan Gaba Abinci

Duk lokacin da aka buɗe gidauniya domin marayu da 'ya'yan marasa galihu, akwai maganganu biyu da ba a rasa ji. Wasu su ce zamani ya yi tsanani, kowa ta kansa yake yi. Wasu kuma su ce a shirye suke su bayar, amma wa zai tabbatar musu cewa kuɗin zai isa inda aka ce? Ba yau aka fara waɗannan maganganu ba, ba kuma a ƙasarmu kaɗai ake yin su ba. Saboda haka ne a fitowar bana muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wata Baturiyar Ingila mai suna Eglantyne Jebb, wadda ita da ƙanwarta suka kafa ƙungiyar Save the Children, wato Asusun Ceton Yara, a shekarar 1919. Ta yi fama da waɗannan maganganu biyu, har da wata ta uku da ta fi su ɗaci, domin yaran da ta fara nema wa taimako 'ya'yan mutanen da ƙasarta ta gama yaƙi da su ne.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Eglantyne ranar 25 ga Agusta, 1876, a kusa da garin Ellesmere da ke gundumar Shropshire a Ingila. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya shida. Mahaifinta, Arthur Jebb, lauya ne mai gonaki da rufin asiri. Mahaifiyarta, wadda ita ma sunanta Eglantyne, ta kafa wata ƙungiya da ke koya wa yaran karkara sana'o'in hannu irin su sassaƙa, domin su sami abin dogaro da kai. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidan da ta tashi, an ɗauki hidimar jama'a a matsayin bashi da ke kan duk wanda Allah Ya hore wa.

Rayuwa ba ta bar gidan haka ba. Mahaifinta ya rasu a 1894, bayan shekara biyu kuma ƙaninta ya bi shi yana ɗan makaranta. A tsakanin waɗannan rashe-rashe biyu ne, a 1895, ta shiga kwalejin mata ta Lady Margaret Hall a Jami'ar Oxford, inda ta karanta tarihi har zuwa 1898. A wancan zamani jami'ar tana barin mata su yi karatu su ɗauki jarrabawa, amma ba ta ba su digiri.

Daga nan ta sami horon malanta, ta koma koyarwa a wata makarantar firamare ta 'ya'yan talakawa a garin Marlborough a 1899. Ba ta kai shekara biyu ba ta ajiye aikin. Lafiyarta ba ta ɗauka ba, ita kanta kuma ta gane ba a yi ta don aji da allo ba. Marubuta tarihinta sun nuna cewa ba mace ce mai son hayaniyar yara ba, ba ta yi aure ba, ba ta kuma haihu ba. Sai dai a wannan aji ne ta fara ganin yaran da ke zuwa makaranta da yunwa da tsumma, ta kuma fahimci cewa yaron da cikinsa ke kuka ba ya jin karatu.

Makarantar da Ta Koyi Aikin Agaji

Bayan ta bar koyarwa sai ta koma birnin Cambridge tare da mahaifiyarta. A can ta shiga wata ƙungiya da ke ƙoƙarin tsara ayyukan sadaka, ƙarƙashin Florence Keynes, mahaifiyar shahararren masanin tattalin arzikin nan John Maynard Keynes. Aikin da aka fara ba ta shi ne ta tattara bayanin ƙungiyoyin agaji da ke garin, a san wace ce ke yin me, domin an lura cewa wani gida kan sami taimako daga wurare uku, wani kuma babu mai tunawa da shi. Wannan bincike ya faɗaɗa har ya zama littafi a kan halin talakawan Cambridge, wanda aka buga a 1906. A nan ta koyi abin da ya zama ginshiƙin aikinta daga baya: kafin a miƙa hannu, a san su wane ne mabukata, nawa ne su, mene ne kuma ya jefa su cikin halin da suke ciki.

A 1913 mijin ƙanwarta, Charles Buxton, ya nemi ta kai kuɗin agaji yankin Masadoniya, inda aka gama gwabza yaƙin Balkan na farko. Ta ga garuruwan da aka ƙone, ta ga 'yan gudun hijira, da yawa daga cikinsu Musulmi, sun yi layi da ƙoƙunansu suna jiran miya da burodi. Ta ji kowane ɓangare yana ba da labarin ta'asar da ɗayan ya yi masa. Abin da ta dawo da shi gida shi ne, ko wa ya ci yaƙi, yara ne ke biyan kuɗinsa, alhali ba a shawarce su ba kafin a fara.

Yunwar Bayan Yaƙi

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Mafi yawan shekarun yaƙin Eglantyne ta yi su ne tana jinyar ciwon maƙoƙo, har aka yi mata tiyata. Ƙanwarta Dorothy Buxton kuwa ta sami izinin shigo da jaridun ƙasashen waje, har da na Jamus da Ostiriya, tana fassara labaransu ana bugawa a wata mujalla ta Cambridge. Da Eglantyne ta sami sauƙi sai ta shiga taya ta. Ta wannan hanya ne 'yan'uwan biyu suka san abin da yawancin mutanen Ingila ba su sani ba, wato irin yunwar da ke cin fararen hula a ƙasashen abokan gaba.

An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918, amma Ingila da ƙawayenta ba su janye takunkumin da suka sa wa Jamus da Ostiriya ba. Jiragen ruwansu na yaƙi sun ci gaba da datse hanyoyin shigar kaya, domin a matsa wa waɗanda aka ci da yaƙi su sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu. Ba a ɗage takunkumin da ke kan Jamus ba sai a watan Yuli na 1919. A cikin waɗannan watanni, likitocin da suka ziyarci birnin Biyana sun ba da rahoton yara masu lanƙwasassun ƙafafu saboda rashin abinci mai gina jiki, da tarin fuka da ya yaɗu, da asibitocin da ke naɗe jarirai cikin takarda saboda babu zane.

A farkon 1919 'yan'uwan biyu suka shiga wata majalisa da aka kafa domin matsa wa gwamnati ta janye takunkumin. Ba da daɗewa ba suka ga cewa kafin 'yan siyasa su gama muhawara yaran sun mutu. Sai Dorothy ta kawo shawarar a ware asusu na musamman wanda babu ruwansa da siyasa, aikinsa kawai tara kuɗi da kai abinci. Aka amince da haka a watan Afrilu na 1919.

Tarar Fam Biyar

A daidai wannan lokaci ne Eglantyne ta fita dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan tana raba wa masu wucewa takardu ɗauke da hoton wata jaririya 'yar Ostiriya da yunwa ta mayar ƙashi da fata. Dokar tsaron ƙasa ta lokacin yaƙi tana nan ba a soke ta ba, takardun kuma ba su bi ta hannun masu tace labarai na gwamnati ba. 'Yan sanda suka kama ta. Ranar 15 ga Mayu aka gurfanar da ita, ta tsaya ta kāre kanta ba tare da lauya ba. Ba ta musa raba takardun ba, sai dai ta kafe a kan cewa neman abinci ga yaro mai jin yunwa aikin jinƙai ne, babu cin amanar ƙasa a cikinsa. Kotu ta same ta da laifi, ta ci ta tarar fam 5. Bayan an tashi, mai gabatar da ƙara na gwamnati, Sir Archibald Bodkin, ya zo da kansa ya miƙa mata fam 5 daga aljihunsa. Kuɗin suka shiga asusun, suka zama cikin gudummawar farko da ya samu. Ciki da gaskiya, in ji Bahaushe, wuƙa ba ta huda shi.

Shari'ar da aka yi don a rufe mata baki sai ta zama talla. Bayan kwana huɗu, ranar 19 ga Mayu, 1919, aka kira taron ƙaddamar da asusun a babban zauren Royal Albert Hall, ya cika ya batse. Ba duka ne suka zo da fatan alheri ba, domin akwai waɗanda suka shigo da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da niyyar jifan matan da suke gani a matsayin maciya amana. Ba abin mamaki ba ne, tunda da wuya a sami gidan da bai rasa ɗa ko ɗan'uwa a yaƙin ba. Amma da aka bayyana halin da yaran ke ciki, aka nuna wa jama'a gwangwanin madara a matsayin abin da ake roƙo, sai zauren ya yi tsit, aka watse da tara kuɗi. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan haƙar kwal, Robert Smillie, yana cikin waɗanda suka yi jawabi, ƙungiyarsa kuma ta ba da fam 10,000. Leburori ne masu shiga rami su fito baƙi ƙirin, su ne suka fara ɗaga asusun daga ƙasa.

Yadda Ta Sauya Hanyar Neman Taimako

A wancan zamani, ƙungiyoyin sadaka a Ingila sun dogara ne ga matan manya da ke shirya liyafa da 'yan ƙananan sanarwa a gefen jarida. Eglantyne ta ga wannan ba zai ciyar da dubban ɗaruruwan yara ba. Ta ɗauko wani ɗan kasuwa mai suna Lewis Golden ya riƙe ofis da littattafan kuɗi, ta kuma ɗauki wani ɗan jarida, Ernest Hamilton, ya riƙa rubuta talla. Suka fara sayen shafi guda cur a manyan jaridu, da hotuna, da bayanin abin da kowane sule zai saya. Wasu daga cikin magoya bayanta sun ga wannan a matsayin almubazzaranci da kuɗin marayu. Ita kuwa ta dubi lissafi, ta ga abin da tallar ke jawowa ya ninka abin da aka kashe mata sau da yawa, ta ci gaba.

A 1920 asusun ya ɓullo da tsarin da mutum zai ɗauki nauyin yaro guda, ya riƙa biyan wani abu a kai a kai, ana sanar da shi halin da yaron ke ciki. Ya kuma fara buga mujallarsa, inda ake bayyana ayyukan da aka yi da kuɗin jama'a. A farko asusun ba ya raba abinci da kansa, yakan ba ƙungiyoyin da suka riga suka san wurin ne, har da taimaka wa shirin sayen shanun tatsa domin yaran Biyana su sami madara. Zuwa watan Agusta na 1921, an tara fiye da fam miliyan 1.

Bugu da ƙari, ba ta tsaya ga mutanen ɗariƙarta ba. Ita mabiyar cocin Ingila ce, amma ta nemi goyon bayan Paparoma Benedict na 15, ta je Roma ta gana da shi a watan Disamba na 1919. Paparoman ya ba da fam 25,000, ya kuma umarci majami'un Katolika na duniya su tara kuɗi domin yaran ranar 28 ga watan. Ranar 6 ga Janairu, 1920, aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ceton yara ta ƙasa da ƙasa a birnin Geneva na ƙasar Suwizalan, tare da goyon bayan Red Cross. Ƙa'idarta ita ce ba a tambayar yaro ƙasarsa, ko launinsa, ko addinin iyayensa, kafin a ba shi abinci.

Jarrabawar Rasha

Wannan ƙa'ida ta gamu da babbar jarrabawa a 1921, lokacin da fari da ɓarnar yaƙin basasa suka jefa yankin kogin Volga na Rasha cikin yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. Masu mulkin Rasha a lokacin 'yan gurguzu ne, waɗanda gwamnatin Ingila da yawancin jaridunta ke ƙi. Jaridar Daily Express ta taso wa asusun, tana cewa ana zuzuta yunwar, abincin zai ƙare a bakin sojojin gurguzu, ga kuma marasa aikin yi a gida da suka fi cancanta.

Eglantyne da abokan aikinta ba su tsaya cacar baki kawai ba. Sun tura mai ɗaukar hoton silima, G. H. Mewes, ya ɗauko abin da ke faruwa, aka riƙa nuna shi a garuruwan Ingila, domin gani ya kori ji. Sun tura ma'aikatansu lardin Saratov ƙarƙashin Laurence Webster, su sa ido a kan kayan tun daga tashar jirgi har zuwa tukunya. An buɗe wuraren dafa abinci kimanin 1,400, ana dafawa a ba yaro ya ci a wurin. An kuma yi lissafi aka sanar da jama'a cewa sule guda zai ciyar da yaro ɗaya har mako guda, ta yadda ko talaka ya san abin da sulensa ya yi. Daga 1921 zuwa 1923 an ciyar da yara kimanin 300,000. Ana cikin wannan kuma, a 1922, sai ga dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun kwararo Girka bayan yaƙinta da Turkiyya, asusun ya kai musu ɗauki su ma.

Masu cewa a fara da gida su ma sun sami amsarsu. A 1926, lokacin da yajin aikin gama-gari da rikicin ma'aikatan kwal suka bar iyalai da yawa a Ingila ba abinci, asusun ya ciyar da 'ya'yan waɗannan ma'aikata. Mutanen da suka ba da fam 10,000 domin 'ya'yan baƙi, bayan shekara bakwai nasu 'ya'yan suka ci daga tukunyar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga Sadaka Zuwa Haƙƙi

Da yunwar Rasha ta lafa, sai gudummawa ta fara ja baya. Eglantyne ta lura cewa jama'a kan buɗe hannu idan hoto ya girgiza su, su rufe idan labarin ya tsufa, alhali bukatar yaro ba ta tsufa. Muddin abincinsa ya dogara ga tausayin wani, to, ranar da tausayin ya gaji ya shiga uku. Ta ga dole a sami wata ƙa'ida da al'ummomi za su amince cewa nauyi ne a kansu.

Saboda haka ta tsara wata gajeriyar takarda mai sharuɗɗa biyar. A taƙaice, sun ƙunshi a ba yaro abin da zai girma da shi a jiki da ruhi. A ciyar da mai yunwa, a yi jinyar marar lafiya, a tallafa wa wanda aka bari a baya, a dawo da wanda ya kangare kan hanya, a ba maraya da yasasshe mafaka. A fara da yaro wajen agaji idan masifa ta auku. A koya masa abin da zai ci abinci da shi, a kuma tsare shi daga masu ci da guminsa. Sannan a tarbiyyantar da shi a kan cewa baiwarsa ta hidimar 'yan'uwansa mutane ce. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ta amince da takardar a watan Fabrairu na 1923, sannan a 1924 Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta rigayi Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓe ta. Ita ce ake kira Sanarwar Geneva kan Haƙƙin Yara.

A kan wannan tushe Majalisar Ɗinkin Duniya ta gina sanarwarta ta 1959, sannan Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Jamhuriyar Nijar ta amince da yarjejeniyar a 1990, Nijeriya a 1991, kafin ta kafa tata dokar haƙƙin yara a 2003.

Rasuwarta

Shekarunta na ƙarshe ta yi su ne tsakanin aiki da gadon asibiti, ciwon maƙoƙon nan bai rabu da ita ba. Duk da haka ta zama mai ba Ƙungiyar Ƙasashen Duniya shawara kan jin daɗin yara, ta kuma tsaya a kan kafa ƙauyuka ga 'yan gudun hijira a Bulgeriya da Albaniya, inda aka ba iyalai gida da gona da iri domin su daina jiran rabo. Hankalinta ya fara karkata ga yaran Afirka da Asiya, har ta soma koyon Sinanci. Ta rasu a Geneva ranar 17 ga Disamba, 1928, tana da shekara 52. Bayan shekara uku, a 1931, ƙungiyarta ta shirya taro a kan yaran Afirka a wannan birni. A 2024 hukumomin Geneva suka mayar da kabarinta maƙabartar da suke binne waɗanda suka yi wa birnin da duniya fice. Ƙungiyar da ta bari ta kai agaji lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga baya kuma ta yi ayyukan lafiya da ciyar da yara a jihohi irin su Katsina da Jigawa da Borno.

Abin da Muka Tsinta

Idan muka dubi rayuwar wannan mata, za mu ga tausayi shi ne mafi ƙanƙantar jarinta, domin masu tausayi suna da yawa a zamaninta kamar yadda suke da yawa a namu. Abin da ta ƙara a kai shi ne tsari. Ta san adadin mabukata kafin ta roƙa, ta faɗa wa mai bayarwa abin da kuɗinsa zai yi, ta sa amintattu su bi kayan har bakin yaro, ta kuma dawo ta ba da bayani. Da haka ta rufe bakin masu zargi, ta sa wanda ya bayar bara ya sake bayarwa bana. Ba ta raina sulen talaka ba, ba ta kuma ji nauyin ƙwanƙwasa ƙofar manya ba.

Ɗa na kowa ne, haka iyayenmu suka ce tun kafin a rubuta wata sanarwa a Geneva. A garuruwanmu akwai marayu da rikici ko cuta suka raba da iyayensu, akwai yaran da kuɗin littafi da na jarrabawa suka fitar daga makaranta, akwai waɗanda ke kwana a tasha da bakin kasuwa. Ba dukansu ne 'ya'yan unguwarmu ba, wasu ma iyayensu baƙi ne da suka zo neman mafaka. Duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗin jama'a da sunansu ta ɗauki amana mai nauyi, wanda kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kamata kowace gidauniya ta kasance da rajistar yaran da take tallafa wa, da littafin shiga da fitar kuɗi wanda kowane mamba zai iya dubawa, da rahoton da za a karanta a gaban jama'a kafin a sake neman wani abu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar marayu da raunana, Ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya, amin.